Jan Tsinin da Ya Huda Farar Da'ira: Fashin Baƙi kan Hoton El Lissitzky da Rayuwarsa

Launukan da suka mamaye takardar uku ne: ja, baƙi da fari. An raba filin gida biyu a karkace, hagu fari, dama baƙi. A cikin baƙin akwai wata babbar farar da'ira zaune daram. Daga sama ta ɓangaren hagu sai ga wata jar alwatika mai tsini ta taho, ta huda da'irar har tsinin ya kai tsakiyarta. Gefe da gefe ƙananan gutsattsari sun tarwatse. Babu mutum a hoton, babu doki, babu bindiga, babu tuta. Kalmomi huɗu ne kawai na Rashanci a warwatse, ma'anarsu: "Da jan tsini, bugi Farare."

Wannan shi ne aikin da aka fi sanin El Lissitzky, mai zane ɗan ƙasar Rasha, da shi, kuma yana cikin fostocin da suka fi shahara a ƙarni na 20. Littattafai da yawa suna cewa a 1919 aka yi shi. Masu bincike da dama kuma sun fi karkata ga 1920, domin aikin yana da alaƙa da ƙungiyar masu zane ta UNOVIS, wadda ba a kafa ta ba sai farkon wannan shekarar. An yi shi a garin Vitebsk, wanda yau yake cikin ƙasar Belarus, kuma sashen siyasa na rundunar Jajaye, wato sojojin gwamnatin juyin juya halin Rasha, da ke yaƙi a fagen yamma ne ya fitar da shi.

Ra'ayina shi ne duk rayuwar mutumin nan tana ƙunshe cikin wannan takarda. A nan ne ya ɗauki wani salon zane da aka ƙirƙira don ya kuɓuta daga bautar kowa, ya ba shi aikin yi. Aiki kuwa da ubangida yake tafe. Amma kafin a kai nan, sai an warware abubuwa uku: su waye Fararen, mene ne bugun dutse, kuma wane ne shi kansa mai zanen.

Farare da Jajaye

"Farare" a nan ba launin fata ba ne. A 1917 Rasha ta ga juyin juya hali sau biyu. A farkon shekara Sarki Nicholas na Biyu ya sauka daga mulki, a ƙarshenta kuma 'yan Bolshevik, wato 'yan kwaminis, ƙarƙashin Lenin suka ƙwace gwamnati. Daga nan ƙasa ta rufta cikin yaƙin basasa. Dakarun Bolshevik su ne Jajaye. Masu yaƙarsu, wato tsofaffin hafsoshin sarki da masu son a maido da sarauta da wasu masu ra'ayin sassauci, su ake kira Farare, kuma Ingila da Faransa da Amurka da Japan sun mara musu baya. A watan Oktoban 1919 al'amari ya yi tsamari ƙwarai: Janar Denikin na Farare ya kama garin Orel, ƙasa da kilomita 400 daga Mosko, Janar Yudenich kuma ya iso bakin birnin Petrograd, wato St. Petersburg ta yau. A 1920 ga kuma yaƙi da Folan ta yamma. Miliyoyin mutane suka halaka a waɗannan shekaru, wasu a bakin daga, mafi yawa kuma saboda yunwa da annoba.

Ke nan fostan ba ado ba ne da aka yi cikin kwanciyar hankali. Gwamnatin da ta sa aka buga shi ba ta da tabbacin za ta kai baɗi.

Yadda ake bugun dutse

Abin da Turawa ke kira litogiraf, bugun dutse ne. Wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder, marubucin wasan kwaikwayo da ke neman hanya mai arha ta buga rubuce-rubucensa, shi ya gano dabarar a birnin Munich a 1796. Sirrin abin ɗaya ne: maiƙo da ruwa ba sa ga maciji da juna.

Ana samo falalen dutsen farar ƙasa mai santsin fuska, irin wanda ake haƙowa a Solnhofen ta yankin Bavaria, a goge shi da yashi da ruwa har ya yi sumul. Mai zane zai zana abin da yake so a kai da alli mai maiƙo ko tawada mai maiƙo. Daga nan a shafe fuskar dutsen da ruwan ƙaro wanda aka ɗiga wa asid kaɗan. Ƙaron nan shi ne dai wanda muka sani, na bishiyar dakwara, wanda har gobe Sudan da Chadi da Najeriya ke kan gaba wajen fitar da shi kasuwar duniya. Aikinsa shi ne ya kama duk inda ba a yi zane ba, ya sa wurin ya riƙa shan ruwa yana ƙin maiƙo. Sai mai bugu ya jiƙa dutsen da soso, ya birgima rola mai tawada a kai. Tawadar za ta manne a inda aka zana, ta tsallake inda yake da danshi. A ɗora takarda, a tura cikin injin matsewa, a ɗago. Kafin kwafi na gaba, sai an sake jiƙawa, an sake shafa tawada.

Kowane launi da nasa dutsen, kuma dole takarda ta zauna daidai wurinta a kowane bugu, in ba haka ba jan ya hau kan baƙin. Wanda ya fahimci wannan zai ga hikimar fostan Lissitzky tun kafin a zo maganar ma'ana. Fari ba a buga shi, takardar ce da kanta. Ja da baƙi ne kawai ke neman dutse. A garin da takarda ta yi wuya, tawada ta yi wuya, itacen hura wuta ma ya yi wuya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ƙarancin launin da masana ke yabawa a yau, rabinsa falsafa ne, rabinsa kuma talauci.

Wata fa'idar ita ce bugun dutse ba ya buƙatar jera haruffan ƙarfe. Abin da hannu ya rubuta shi ke fita. Shi ya sa a Vitebsk aka riƙa buga ƙananan littattafan mai zane Kazimir Malevich, wanda za mu zo kansa nan gaba, da rubutun hannu, a ɗakin bugun makarantar da Lissitzky ke kula da shi.

Ɗan Yahudawan da aka hana gurbin karatu

Sunansa na yanka Lazar Markovich Lissitzky. An haife shi a watan Nuwamban 1890 a Pochinok, kusa da Smolensk, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Vitebsk, inda ya fara koyon zane wurin Yehuda Pen, malamin da shi ma shahararren mai zane Marc Chagall ya bi ta hannunsa. A 1909 ya nemi shiga babbar makarantar zane ta St. Petersburg bai samu ba, a zamanin da gwamnatin sarki ke ƙayyade adadin Yahudawan da za a ɗauka a manyan makarantu. Sai ya tafi Darmstadt a Jamus ya karanta zanen gine-gine. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koro shi gida a 1914, ya ƙarasa karatun a Mosko, ya karɓi shaidar zama injiniya kuma mai zanen gini a 1918.

A lura da wannan, domin shi ne bambancinsa da sauran abokan tafiyarsa. Ba da burushi ya saba ba kamar yadda ya saba da rula da kamfas. Layukansa na mai auna fili ne.

Amma ba da alwatika ya fara ba. A 1916 shi da abokinsa Issachar Ber Ryback suka bi garuruwan gaɓar kogin Dnieper suna kwafar zane-zanen da ke jikin tsofaffin wuraren ibadar Yahudawa, musamman wani na katako a Mogilev. Bayan faɗuwar sarki, da aka ɗage takunkumin buga littattafai da haruffan Yahudawa, ya duƙufa wajen yi wa littattafan yara na Yiddish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, hotuna. Mafi shahara a ciki shi ne Had Gadya, wanda ya fito a Kiev ta Yukren a 1919, shi ma bugun dutse ne. Tsohuwar waƙa ce da Yahudawa ke rerawa a idinsu: uba ya sayo ɗan akuya, kyanwa ta cinye shi, kare ya ciji kyanwa, sanda ta bugi kare, wuta ta ƙone sanda, haka dai har a kai ga mala'ikan mutuwa, shi ma a ƙarshe a kashe shi. A shafin ƙarshe Lissitzky ya sa wa mala'ikan mutuwar kambi irin na sarakunan Rasha. Saƙon ba ɓoyayye ba ne.

Akwai dalilin da ya sa ya tsaya inda ya tsaya. A shekarun yaƙin basasa an yi wa Yahudawa kisan gilla a Yukren, dubun dubata suka mutu. Mafi yawan ta'asar ta fito ne daga dakarun 'yan kishin ƙasar Yukren da 'yan ta-kife masu zaman kansu da sojojin Denikin, ko da yake wasu rukunonin Jajayen ma ba su da tsabtar hannu. Ga Bayahude ɗan shekara 29 da ya zauna a Kiev a wannan lokaci, Farare ba wata jam'iyyar adawa ba ce kawai. Duk wanda zai yanke masa hukunci kan fostan nan, ya kamata ya fara sanya wannan a ma'auni.

Vitebsk, inda malami biyu suka ja ɗalibi ɗaya

A 1919 Chagall, wanda sabuwar gwamnati ta ba shi ragamar harkar zane a Vitebsk, ya gayyaci Lissitzky ya zo ya koyar da zanen gini da aikin ɗab'i a makarantar da ya buɗe. Kafin shekarar ta ƙare Lissitzky ya jawo Kazimir Malevich daga Mosko. Wannan gayyata ita ta ci Chagall.

Malevich shi ne mutumin da a ƙarshen 1915 ya rataye hoton baƙin murabba'i a kan farin fili a wani baje koli a Petrograd, kuma ya rataye shi a kusurwar ɗaki ta sama, inda Kiristocin Rasha ke ajiye hotunan waliyyansu. Ya kira salonsa Suprematism. Abin da yake nufi shi ne zane ya daina kwaikwayon itace da fuska da saniya, ya tsaya da siffa da launi zalla, domin a ganinsa nan ne tsantsar ji yake. Mutum ne mai kwarjini da iya magana, cikin 'yan watanni ɗaliban makarantar suka koma bayansa. A farkon 1920 suka kafa UNOVIS, wato masu tabbatar da sabuwar fasaha, suna ɗinka ɗan baƙin murabba'i a hannun rigarsu. Chagall ya tattara nasa ya nasa ya bar garin a wannan shekarar. Lissitzky kuwa ya ajiye awaki da tsofaffi masu gemu, ya rungumi murabba'i da da'ira.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Malevich yana neman siffar da ba ta nuna komai a duniya. Lissitzky, injiniya, ya dubi siffofin nan ya ga kayan aiki. Fostan jan tsini shi ne gwajin farko mai ƙarfi na cewa za a iya sa murabba'i da alwatika su yi magana da mutumin kan titi, har su ba shi umarni.

Dubi yadda ya yi. Da'ira abu ne rufaffe, ba ta da gaba ba ta da baya, ba ta nufi ko'ina ba. Ya ba Farare ita, ya kuma zaunar da ita cikin duhu. Alwatika kuwa tana da baki, duk inda ta juya can ta nufa. Ya kwantar da ita a karkace, domin layin da ya karkace ido yana ganinsa a matsayin abin da ke tafiya. Ta taho daga hagu, inda mai karatun Rashanci ke fara layi, wanda kuma shi ne ɓangaren 'yan juyin juya hali a yaren siyasa. Kalmar da aka fassara da tsini, ainihinta irin ƙarfen nan ne da masu faskare ke kafawa a gungume su doka da guduma: bai kai gungumen girma ba, amma da ya samu wurin shiga, gungumen ya tsage. Haruffan ma ba a jera su a ƙasa kamar bayanin hoto ba. An watsa su suna bin tafiyar tsinin, ido yana karantawa yana bin harin. Wanda kuma ya taɓa ganin taswirar hafsoshin yaƙi zai gane wani abu: haka ake zana runduna idan ta fasa layin abokan gaba.

Tunanin ba nasa ba ne shi kaɗai. A 1918, don bikin cika shekara ɗaya da juyin juya hali, wani matashin mai zanen gini, Nikolai Kolli, ya kafa wani gini na wucin gadi a Mosko: jan tsini ya tsaga farin dutse. Abin da Lissitzky ya ƙara shi ne motsi, da kuma haɗe rubutu da hoto su zama abu guda.

Shin ya yi aiki a kan waɗanda aka yi shi dominsu? A nan ina da shakka. Yawancin sojojin Jajaye 'ya'yan manoma ne, da yawa ba su iya karatu ba. Fostan da ya fi ratsa su a 1920 shi ne na Dmitry Moor, soja sanye da jar riga yana nuna mai kallo da yatsa yana tambayarsa ko ya ba da sunansa. Wannan ba ya buƙatar fashin baƙi. Shi kansa Lenin bai taɓa ƙaunar sabbin salon nan ba. Kwafin asali na fostan Lissitzky kaɗan ne suka tsira, yawancin waɗanda ake gani a yau sake bugu ne na shekarun 1960. Masu sauraronsa na gaskiya sun zo daga baya, kuma ba sojoji ba ne, masu tsara littattafai ne da tallace-tallace da tambarin kamfanoni.

Akwai kuma abin da ke damuna game da hoton, duk da ina ganin ya kai maƙura wajen gwaninta. Ya wanke kisa tas. Fararen nan mutane ne, da yawansu ma 'ya'yan manoma ne da aka tilasta wa ɗaukar bindiga, kamar dai takwarorinsu na ɗaya ɓangaren. A takardar babu jini, babu gawa, babu marayu. An mai da mutum da'ira, da'ira kuwa ba ta kuka. Fostan da ya zana maƙiyi da fuskar dodo, ko ba komai ya yarda maƙiyin yana da fuska. Wannan ya fi shi kyau nesa ba kusa ba, kuma kyan nasa na cikin abin da ya sa ya fi shi haɗari.

Daga takarda zuwa ɗaki

A Vitebsk ɗin dai ya fara jerin ayyukan da ya raɗa wa suna Proun. Siffofi ne irin na Malevich, amma ya ba su kauri da nauyi, suna shawagi a sarari kamar ginin da ake kallo daga sama da ƙasa da gefe a lokaci guda. Shi da kansa ya bayyana su a matsayin tashar da ake canza jirgi tsakanin zane da gini. A 1921 ya fitar da rukunin farko na bugun dutsensu a Mosko, a ƙarshen shekarar kuma ya tafi Barlin.

Shekarunsa na Jamus su suka mai da shi gada tsakanin Rasha da Yammacin Turai. Yana jin Jamusanci, ya san mutanen. A 1922 ya fitar da mujalla mai harsuna uku tare da marubuci Ilya Ehrenburg, ya kuma sa hannu a babban baje kolin zanen Rasha da aka yi a Barlin. Ya ƙulla zumunci da Theo van Doesburg na Holan da Kurt Schwitters da László Moholy-Nagy, wanda ya shiga koyarwa a Bauhaus, fitacciyar makarantar zane da gini ta Jamus, a 1923. A wannan shekarar ya tsara wani littafin waƙoƙi 13 na Mayakovsky, marubucin waƙoƙi ɗan Rasha, da aka yi don karantawa da murya. Da ja da baƙi kawai ya yi shi, da kayan da ke cikin akwatin mai jera haruffa, ya kuma yanka gefen shafukan mataki-mataki yadda mai karatu zai sa babban yatsa ya buɗe waƙar da yake so nan take. Duk mai tsara littafi a yau ya ci gajiyar wannan aikin, ko ya san sunan mai shi ko bai sani ba.

A birnin Hanover na Jamus, a 1923 ɗin, ya buga rukuni biyu na bugun dutse da masu tara zane ke rububinsu har yanzu. Ɗaya na Proun ne guda 6, a kwafi 50, wanda Kestner, wata ƙungiyar masu son zane ta birnin, ta ɗauki nauyi. Ɗayan kuma hotuna 10 ne, a kwafi 75, na 'yan wasan wani wasan kwaikwayo na waƙa da aka fara nunawa a St. Petersburg a 1913, wanda labarinsa shi ne mutanen gobe sun kama rana sun kulle ta. Lissitzky ya yi tunanin a sake wasan ba da mutane ba, da 'yan tsana na inji masu aiki da lantarki. Mafi shahara a cikinsu shi ne "Sabon Mutum": hannuwa da ƙafafu a miƙe sun ratsa takardar a karkace, yana taku mai faɗi, ƙirjinsa jan murabba'i.

A ƙarshen shekarar aka gano yana da tarin fuka. Ya yi jinya a Suwizalan a 1924, yana biyan kuɗin asibiti da tallace-tallacen da yake tsara wa kamfanin tawada na Pelikan. Yana kwance ya zana wasu dogayen gine-gine da ya so a kafa guda 8 a manyan mahaɗun titunan Mosko, benaye ne a kwance a sararin sama bisa ginshiƙai, don kada su cinye filin ƙasa. Ba a gina ko ɗaya ba. Ginin da aka yi da zanensa shi ne wata maɗaba'a ta mujallar Ogonyok a Mosko, a farkon shekarun 1930.

Aikinsa da na fi so ba fosta ba ne, ɗaki ne. Alexander Dorner, shugaban gidan adana zane-zane na Hanover, ya nemi ya tsara masa ɗakin nuna sabbin zane-zane, aka kammala a 1928. Lissitzky ya jera siraran ƙarafa a tsaye a jikin bango mai launin toka, gefe ɗaya na kowane ƙarfe fari, ɗaya gefen baƙi. Idan ka tsaya ta nan bangon fari ne, ka matsa tsakiya ya koma toka-toka, ka wuce ya zama baƙi. Hoton da ke rataye a kai yana canza kama da kowane taku. Ya kuma sa wasu allunan da mai kallo zai tura da hannunsa, ya rufe wannan hoto ya buɗe wancan. A nan mai kallo shi ke da iko. Mutumin da ya zana umarni a Vitebsk, shi ne ya gina ɗakin da ba ya umartar kowa. Duk biyun Lissitzky ne.

Ladan kuturu

Ya koma Mosko a 1925, ya koyar a babbar makarantar fasaha ta VKhUTEMAS, a 1927 kuma ya auri Sophie Küppers, Bajamushiya masaniyar zane da ya haɗu da ita a Hanover. Daga nan aikinsa ya koma tsara rumfunan Tarayyar Sobiyet a baje kolin ƙasashen waje. Na birnin Cologne a 1928 ya girgiza Turai: bango mai tsawon kusan mita 24 da aka lulluɓe da hotunan kyamara da aka yanka aka harhaɗa, ma'aikata da injuna da taron jama'a da fuskar Lenin.

A watan Afrilun 1932 jam'iyyar Kwaminis mai mulki ta rushe duk ƙungiyoyin masu fasaha masu zaman kansu, a 1934 kuma aka ayyana salo ɗaya tilo da hukuma ta yarda da shi: hoton da kowa zai gane, mai nuna ma'aikaci da manomi cikin farin ciki. Murabba'i da da'ira suka zama abin zargi. An tsare Malevich na wani lokaci a 1930, ya mutu a 1935. Vera Ermolaeva, wadda ta shugabanci makarantar Vitebsk kuma tana cikin jigogin UNOVIS, an kama ta a 1934, aka harbe ta a 1937. Gustav Klutsis, gwanin fostocin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin, shi ma an harbe shi a 1938. A Jamus kuma 'yan Nazi suka rushe ɗakin Hanover a 1937. Gwamnatoci biyu da ba sa ga maciji, sun haɗu a kan ƙin abu ɗaya.

Lissitzky bai shiga hannu ba. Daga 1932 shi da Sophie suna cikin manyan masu tsara wata mujallar hotuna da gwamnati ke bugawa da Rashanci da Turanci da Jamusanci da Faransanci don nuna wa duniya ci gaban ƙasa. Ya yi fitowa ta musamman kan madatsar ruwan Dnieper a 1932, ya yi wata kan kundin tsarin mulkin Stalin a 1937. Aikin yana da kyau matuƙa, shafuka masu buɗewa ninki-ninki, hotuna masu ɗaukar ido. Amma 1932 da 1933 su ne shekarun da yunwa ta kashe miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan, 1937 kuma ita ce shekarar da kisan gillar Stalin ya kai ƙololuwa. Babu ɗigon wannan a shafukan.

Wasu marubuta suna raba rayuwarsa biyu: Lissitzky na kirki kafin 1930, da Lissitzky da aka tilasta bayan nan. Ban gamsu da wannan rabo ba. Gaskiya ne mutum ne marar lafiya, matarsa baƙuwa, ga ɗa ƙarami da aka haifa a 1930, kuma ƙin aikin hukuma a wancan zamani na iya zama sanadin ajali. Ba zan zauna cikin aminci in ce da ni ne da na ƙi ba. Sai dai hanyar da ta kai shi mujallar ba a 1932 ta faro ba. Tun Vitebsk ya yanke shawarar cewa zane ba abin rataye wa a falon attajiri ba ne, kayan aiki ne na gina sabuwar duniya, kuma jam'iyya ce ke riƙe da taswirar ginin. Ya yi imani da haka, ba riya yake yi ba. Hausawa suka ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ladan da ya karɓa ba kuɗi ba ne kawai, dama ce ta yin magana da miliyoyin mutane, abin da Malevich bai taɓa samu ba. Askin kuma shi ne ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, ya yi shiru kan sauran.

Aikinsa na ƙarshe fosta ne na 1941, bayan Jamus ta mamaye Tarayyar Sobiyet, yana kiran ma'aikata su ƙera ƙarin tankokin yaƙi. Fuskokin mutane ne a ciki, da tanka da jirgin sama. Tarin fuka ya yi ajalinsa a Mosko ranar 30 ga Disamban 1941, yana da shekara 51.

Gwamnatin da ya yi wa hidima ba ta saka wa iyalinsa da alheri ba. A 1944 aka kori Sophie zuwa Novosibirsk a Saberiya saboda ita Bajamushiya ce, can ta zauna har ta rasu a 1978. Daga can ta tattara wasiƙunsa da hotunan ayyukansa ta rubuta littafin tarihinsa, wanda aka buga a Dresden a 1967, kuma ta wannan littafi ne sabon ƙarni na masu zane a Turai da Amurka suka san shi sosai. A 1968 aka sake gina ɗakin Hanover, yanzu kuma akwai kwafinsa a gidan adana zane na Sprengel a birnin. Gidan Tretyakov a Mosko da na Van Abbe a Eindhoven ta Holan su ke riƙe da manyan tarin ayyukansa. A 1985 kuma wasu mawaƙan Ingila, ciki har da Billy Bragg da Paul Weller, suka kafa ƙungiyar jawo matasa su zaɓi jam'iyyar Leba, suka ɗauko sunanta daga jan tsinin fostan Vitebsk.